Gudun da Ake Yi Ana Gaisuwa

Shekara goma sha biyu ke nan da muka kai Malam Bello makwancinsa a Tambuwal, amma har yau in na ji sawu a guje bayan sallar asuba sai na ɗaga kai. Abokina ne tun muna 'yan firamare, kuma makaranta ɗaya muka koyar, ni lissafi, shi wasanni. Ni dai ko kaza ban taɓa kora na kama ba, shi ya sa aikina a tawagarsa bai wuce bin su a baya kan keke da jarkar ruwa ba.

Samari yake horarwa gudun dogon zango, kuma yana da wata doka da ta sa aka daɗe ana yi masa dariya. Duk wanda kuka wuce a hanya sai kun gaishe shi cikakkiyar gaisuwa, kuna gudu, ba tare da haki ba. Yakan ce wanda numfashinsa bai isa ya tambayi lafiyar iyali ba ya cinye gudun ƙarshe tun a farko, don haka ya sassauta. Sai an hango gari a kan hanyar dawowa yake ɗaga hannu ya ce, "To, yanzu ku yi rowar gaisuwa!" Nan ne za ka ga gudu.

Hanyar Kebbe suke bi, tsakanin gonakin gero. Kun dai san gaisuwarmu, ana nisa ana yin ta. Da manoma suka gano dokar sai suka mai da ita abin tsokana: ina kwana, ina gajiya, ina gida, ina ruwa, har jajen jakin da ya mutu bara sai an yi. Gwanin wannan ja shi ne Malam Mamman, mai tufkar igiya a gindin wata tsamiya. Yara suna tsoron tsamiyar nan fiye da tudu.

Nakan tambayi kaina me Bello zai ce da ya ga masu gudun yau. Takalmin kambas ya ba da wuri ga takalma masu laushi, kunnuwa a toshe da waƙa, a hannu ga agogon da ke faɗin bugun zuciya. Ba na jin zai ƙi su, don mutum ne mai son sabon abu. Sai dai na san zai juya agogon nan ya tambaya ko yana amsa sallama.

Ɗalibansa duk sun yi teɓa kamar ni. Mutum ɗaya ya rage yana gudu, ɗansa Nasiru, wanda yanzu ma'aikacin lafiya ne. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe, gaskiya ne, ƙafa kam ya gada. Amma sau biyu yana zuwa babbar gasa a birni, yana fita da wuta, ana kwaso shi a motar asibiti kafin ƙarshe. Bara ya zauna a zaurena ya ce, "Baba, in na sake faɗuwa, na bari ke nan." Wallahi na san ranar da ya ajiye takalmin nan, aikin abokina ya ƙare.

Ban san komai a horo ba sai abin da na gani daga kan keke. Na ce masa zafin nema ba ya kawo samu, ya cire abin kunnen nan mu koma hanyar ubansa. Na hau babur, tunda gwiwa ta ƙi keke. Ya yi ta ƙunƙuni wai wannan ai tafiyar kasuwa ce, ga kunya tana cin sa in ya buɗe baki.

Da muka kai tsamiya, ashe Malam Mamman yana nan, ido ya tafi amma hannu na kan tufka. Nasiru ya yi sallama a guje. Sai tsohon ya saki igiya.

"Wagga murya ta Bello ta!"

"Ɗansa ne, Baba," in ji Nasiru.

"Awo? To, ina gajiya? Ina gida? Ina ruwa?"

Yana ja, Nasiru yana amsawa, har muryoyin suka yi nisa da juna. Na tsayar da babur na yi kuka, ba na kuma jin kunyar faɗa.

Watanni suka wuce a haka. A gasar bana Nasiru bai zo na ɗaya ba, can cikin tsakiyar jama'a ya shigo, amma da ƙafarsa ya ƙarasa. Ƙorafinsa ɗaya da ya bugo mini waya, wai ya gaishe da rabin birni, 'yan kaɗan suka amsa.

Kofunan Bello sun yi tsatsa a kan kabad, hotunan sun koɗe. Allah ya jiƙansa, ya sa ya huta. Abin da ya bari yakan wuce ta ƙofar gidana da sassafe, ya ce, "Baba, an tashi lafiya?" Ni kuwa sai in ja gaisuwar da gangan, in tambayi gida, in tambayi aiki, in tambayi abin da na riga na sani, don kawai muryar nan ta ƙara daɗewa a kunnena.