Damaris, Zan Ƙarasa Miki Shekarun Tsofaffi

Ranar Talata, sha ɗaya ga Maris 2025, ina ɓarzar citta aka zo aka ce mini Dakta Damaris Kumai ta rasu a hatsarin mota, tana dawowa Kagoro. Ban yi makaranta ba. Hellen matar fastonmu ce ke rubuta wannan, na kuwa hana ta gyara mini magana.

Damaris, kin zo mini bara da littafi a hannu, kika durƙusa kamar ba ke ce mai binciken magunguna a jami'a ba. Kika ce a jiki akwai wani mai shela da ke ce wa ƙwayoyin jiki su girma. Yaro na bukatarsa, amma ga tsoho shelar ba ta tsayawa, sai ta gajiyar da jiki. Akwai maganin da ke rage masa murya, ɓerayen da aka ba sun daɗe a duniya. Na ce ai haka muke tsinke kan kabewa don kada ta ƙare a yaɗo, a ba ni ƙwaya biyu na maganin. Kika yi dariya: "Baba, kai ba ɓera ba ne. Yana raunana garkuwar jiki, ba a kuma tabbatar da shi a kan tsufan mutum ba."

Abin da kike nema shi ne ki duba jinin waɗanda suka daɗe da gaske, ki ga ko mai shelarsu mai sanyin murya ne. To, tsofaffinmu ba su da takardar haihuwa, kowa ɗari yake cewa. Shi ya sa kika zo wurina, don ni ke tuna lokacin da aka haifi kowa. Ɗaya daga cikinsu, Meshak, ya rantse ya kai ɗari da biyu. Na ce masa, "Kai da na gani a goye ranar da rana ta yi duhu da tsaka, kaji suka shiga akurki?" Har yau ba ya gaishe ni. Ke kuwa kika saya masa bargo, kika lissafa daga shekarar duhun, kika rubuta saba'in da bakwai.

Mun gama lissafin shekarun tsofaffi arba'in da ɗaya, saura sha tara a bayan dutse. Abokan aikinki sun ce jinin da ba a san shekarun mai shi ba, ba ya aiki. In na mutu, babu mai faɗar shekarunsu. 'Ya'yana sun ce gwiwata ba za ta hau dutsen ba. Za ta hau. Ranar Litinin zan fara da gidan Afiniki, ɗaya daga cikin sha taran.

Ubangiji ya yi miki jinƙai, ya ba ki hutawa a wurin Almasihu. Ya ta'azantar da mahaifiyarki Zipora, da mijinki Levi, da yara. Naki shekarun ba sai an tambaye ni ba: talatin da takwas. Ni na kai wa kakanki labarin haihuwarki a gona.