Naman Layya da Ruwan Baftisma

Har yau idan na ji an ce wane mai sassauci ne a addini, sai in ji raina ya ɓaci, domin na san abin da wannan magana ta ja mini. A Sakkwato na fara jin ta, da Turanci ma, daga bakin mutumin da yake ja mana addu'a ranar Lahadi.

Ni haifaffiyar Lakwaja ce. Uwata Bahaushiya ce da aka 'yanto daga bauta, ta girma a hannun 'yan mishan, don haka da Hausa da addinin Almasihu na buɗe ido. Mijina kafinta ne. Ba a daɗe da Nasara suka ci ƙasar ba aka ɗauke shi aikin ƙofofi da tagogin bariki, muka tattara komatsanmu muka yi arewa. Ba mu sami ɗaki a bariki ba, sai wani malami a wajen Ƙofar Rini ya ba mu wani sashe da ke jikin gidansa, katanga kawai ta raba mu. Uwargidansa, wadda nake kira Inna, ita ta karɓi haihuwar 'yata ta fari. Ita ta yanke cibiya, ita ta tsaya a kaina har na gama wankan jego, tana dama mini kunun kanwa tana yi mini faɗa idan na bar saura a ƙwarya.

Mu Kirista a garin ba mu cika tabarma biyu ba. Akawuna ne daga kudu, da kuku-kuku na gidajen Turawa, da wani mai wanki, da matansu. Babu coci, don gwamnati ba ta yarda 'yan mishan su zauna a nan ba. A barandar babban akawu muke taruwa, wani dattijo mutumin Ikko da muke ce wa Baba Akawu. Shi ke karatu, shi ke ɗaga waƙa, shi ke binne wanda ya mutu. Abin da ba shi da ikon yi shi ne baftisma. Wannan sai fasto, shi kuma daga kudu yake zuwa a kan doki, sau ɗaya a shekara, wata shekarar ma shiru. Idan ya zo, Baba Akawu ne ke gaya masa ɗan wane ya cancanta, ɗan wane sai an jira.

Ba zan yi masa ƙarya ba, Baba Akawu mutumin kirki ne. Idan ba ka da lafiya shi ne na farko a ƙofarka. Sai dai tsoro ya cika masa ciki. Ya ga mutanenmu da dama sun shiga gari, yau cin tuwo, gobe aure, jibi ka ji sun daina zuwa addu'a. Ana aiko masa da jaridun coci daga ƙasar Turawa, a ciki ya tsinci kalmar nan, libaral, wato masu sassauci. Tun daga ranar ba mu huta ba. Wanda ya makara libaral ne, wadda ta daka gero ranar Lahadi libaral ce. Kowa kuma da yadda ya fahimci abin. Wani kuku ya ɗauka mashayin giya ake nufi. Matar mai wanki ta ce ai wanda ba ya rufe ido lokacin addu'a ne. Shi Baba Akawu a wurinsa mutum ne da ke barin ƙofar addini a buɗe har kaji su shiga su cinye abin da ke ciki.

Mijina ya fara samun sunan ne ranar da aka binne jaririn mai wanki, wanda ya rasu fasto bai zo ba. Uwar tana kuka tana tambaya ina ɗanta zai tafi ba a yi masa baftisma ba. Baba Akawu ya yi shiru ya sunkuyar da kai, shirun da ya fi magana ciwo. Sai mijina ya ce, Allah ba zai rufe wa jariri ƙofa don ruwa bai taɓa goshinsa ba. Baba Akawu ya ɗago ya ce, “Ka ji irin maganar libaral. Yau ka ce ruwa ba kome, gobe ka ce Littafin ma ba kome.” Mijina ya ce idan mai barin hukunci a hannun Allah ake nufi, to ya karɓi sunan. Ni ina da tsohon ciki a lokacin, kuma shirun nan na Baba Akawu ne ya bi ni gida, ba maganar mijina ba. Na ƙudura a raina cewa abin da zan haifa ba zai wuce zuwan fasto na farko ba.

Yarinyar tana koyon zama aka yi babbar Salla. A Sakkwato ba a rabon nama ranar yanka. Sai a feɗe rago a kafa shi a jikin itace gefen wuta ya wuni yana shan zafi, washegari a sassara a bi gidaje. Inna da kanta ta shigo mini da akushi a rufe, cinya guda da haƙarƙari. Ta ajiye ta ɗauki yarinyar tana yi mata wasa, ta ce, “Ɗiyata, ki soye shi da kyau, wanga zahi ba shi barin nama.” Na soya, gida ya ɗauki ƙamshi, na ci har na ji kunya.

Ranar Lahadi muna da al'ada, bayan addu'a kowa ya fito da abin da ya kawo a ci tare. Ni da murnata na ɗebi naman nan na tafi da shi, ina ganin yau zan fita kunyar matan akawuna da kullum suke kawo burodi. Aka ci ana santi. Baba Akawu yana riƙe da tsoka a hannu ya tambaya ina na sami nama mai daɗi haka. Na ce na layya ne, Inna ta kawo. Ya mayar da tsokar cikin kwano a hankali, ya goge yatsunsa da hankici.

Ya ce wannan naman hadaya ne na wani addini, Kirista ba ya ci. Mijina ya ce maƙwabtanmu ba gunki suke yanka wa ba, ragon Ibrahim suke tunawa, kuma Ibrahim yana cikin Littafinmu. Suka yi ta ja, wannan ya buɗe nan, wancan ya buɗe can, mu mata muna zaune da maiƙo a baki. Waɗanda suka fi kowa cin naman su suka fi kowa gyaɗa wa Baba Akawu kai. A ƙarshe ya juyo gare ni ya ce, “'Yata, fasto yana hanya. Ki mayar da sauran naman a cikin akushin da ya zo, ki gaya wa matar da bakinki cewa mu ba ma ci. Idan kin yi haka, ni zan miƙa yarinyarki da hannuna. Idan ba haka ba, ba zan iya cewa gidanku gidan da za a rene ta cikin bangaskiya ba ne.”

Shi baƙo ne, a bariki yake kwana, bai san abin da yake nema ba. A garin nan ko maƙiyinka ya aiko maka da abinci ba ka mayarwa. Ka karɓa ka yi godiya, in ka ga dama ka ba wa wani. Mayar da akushi cike yana nufin ka ce da mutum hannunsa ƙazami ne. Na gaya masa haka, ya ce ai shi ya sa ake kiran hanyar ƙunƙuntacciya.

Duk da haka na ɗauki akushin. Mijina ya ce ba zai hana ni ba, ba zai kuma sa ni ba, irin maganar maza da ke barin mace da kaya a ka. Na zuba sauran naman, na rufe, na goya yarinyar, na shiga gidan Inna. Na same ta tana kaɗi a inuwa. Ta dubi akushin, ta ga yadda na riƙe shi da hannu biyu, ta san ba wofi ba ne.

Ta ce, “Mi af faru, ɗiyata? Bai yi daɗi ba?”

Na ce ya yi. Na tsaya ina neman ta inda zan fara. Kafin in samu sai ta ci gaba da kaɗinta tana cewa, “Kin san Malam ma sai da anka yi mai magana kan naman ga. Almajirai nai manya sunka ce ba a ba wanda ba Musulmi ba naman layya. Yac ce musu maƙwabci maƙwabci na, shi ya san abin da ya karanta. Har yanzu wasu ba su gaishe shi da kyau.”

Ashe su ma suna da nasu Baba Akawun, kuma Malam ya sha magana a kaina ban sani ba. Idan na ajiye akushin nan cike, na ba mutanen da suka zarge shi gaskiya ke nan a gaban kowa. Na ce, “Inna, ɗanɗano na kawo miki, ki ji ko na iya suya.” Ta ɗauki tsoka ɗaya, ta ce gishiri ya yi yawa. Na koma gida da sauran, na juye, na wanke akushin na aika mata da 'yar gyaɗa a ciki.

Da fasto ya iso, raina ya ɗan kwanta, don mun ji labarinsa. An ce mutum ne mai sauƙin kai, har Baba Akawu ya taɓa cewa a ɓoye faston ma yana da ɗan warin libaral. Na same shi a baranda yana jiƙa ƙafafunsa da suka kumbura a cikin ruwan ɗumi. Na durƙusa na gaya masa komai. Ya saurara har ƙarshe, ya yi murmushi, ya ce shi a ganinsa babu laifi a naman, da yana nan ma da ya ci. Na ji kamar an sauke mini dutse.

Sai ya ce, “Amma 'yata, ki duba. Ni jibi zan tafi. Dattijon nan shi zai zauna da ku shekara guda. Idan na karya maganarsa a gaban jama'a, wa zai ƙara jin tasa? Taron nan zai watse. Mu yi masa haƙuri, tsoho ne, a bi shi a hankali. Yarinya lafiyarta ƙalau, baɗi ina dawowa zan yi mata, kafin nan zuciyarsa ta yi sanyi.”

Na ce, “Ranka ya daɗe, ka ce babu laifi.” Ya ce babu. Na ce to me ya sa 'yata za ta jira? Ya ce saboda zaman lafiya. Na yi ta juya maganar ta kowace fuska, shi kuma yana ta ba ni amsa da murya mai laushi, har na gane laushin nan ba shi da ƙofar shiga. Gara Baba Akawu, shi ko ba kome ya gaya mini abin da zan yi in samu. Wannan ya yarda da ni ɗari bisa ɗari, kuma ya sallame ni hannu wofi. Sassaucin da ake ta ba mu labari yana da shi, amma a kan dattijon ya kashe shi duka, bai rage wa jaririyata ko kaɗan ba.

Ranar Lahadi aka yi wa yara baftisma a cikin kwanon sha, ina tsaye a baya da tawa a goye tana wasa da ɗankwalina. Cikin iyayen da suka miƙa 'ya'yansu har da waɗanda suka suɗe yatsa da naman nan. Ban yi waƙa ba. Da muka dawo na huce a kan mijina, na ce duk bakinsa ne ya ja mana, ya ɗauki zartonsa ya fita.

Da bazara ƙyanda ta shigo unguwa. Inna ta yi iya yinta, ni ma na yi, mijina ya je har bariki neman magani. Yarinyar ta rasu da hantsi a kan cinyata, Inna na riƙe da ƙafafunta.

Baba Akawu ya zo da gudu, ko hula babu. Shi ya karɓi fartanya ya fara haƙa, da farin wandonsa na ofis. Da aka sa yarinyar a kabari, ya buɗe Littafi ya kasa karatu, hawaye na bin gemunsa. Ni ban tambaye shi kome ba, na riga na ga yadda ya amsa wa matar mai wanki. Shi ne da kansa ya matso ya durƙusa a gabana, ya ce, “'Yata, kada ki sa wa ranki damuwa. Allah ba zai rufe wa jariri ƙofa don ruwa bai taɓa goshinsa ba.”

Na dubi mijina, ya kawar da kai. Maganarsa ce, ko kalma ɗaya ba a canza ba, wadda aka sa masa suna a kanta. Na ce, “Baba, da ka faɗi haka tana da rai.” Inna ta kama hannuna ta ce in tashi mu tafi gida, rana ta yi zafi.