Matar da ke Gyaran Saƙon Magani

A kusurwar ɗakin jiran asibiti wata mata ce zaune kusa da ni, kwamfuta a cinya, tabarau a goshi. Tana bin layukan allon da yatsa kamar mai tsintar wake.

"Yaya, me ya lalace?" in ji wata nas.

"Yaren kwamfutar da aka rubuta manhajarku da shi ne aka sabunta. Tsohon yaren komai haɗiyewa yake, rubutu ko lambobin na'ura. Sabon sai an bambance masa, in ba haka ba saƙon shan magani ya isa a hargitse."

Ina zaton tana da majinyaci a gida. Tana tura saƙon gwaji, sai ga kira a wayarta, muryar wani dattijo:

"'Yata, ya karantu. Na ma sha."