Zanar da Na Cire a Shagon Kawu

Daga aji biyar na bar lakol. Na yi shekara uku a Maradi wajen wani mai walda, muna yi wa manyan kantuna ƙofofi. Da na koma garinmu Cadawa sai shagon kawuna, wan uwata, ya riƙa ba ni haushi. Ga shi bakin titi, amma an tare gabanshi da zana, ciki duhu kamar rumbu. Hatsi yake saidawa, da mai da gishiri.

Na dame shi da magana. Na ce motoci na wucewa ba mai sanin akwai shago nan, a birni kaya ke kiran mutum tun daga nesa. Ya daɗe yana juya abin, sannan ya saida sanshi na noma ya ba ni kuɗin in gyara shagon. Ya ce in gyaran ya yi kyau shagon ya dawo hannuna, in zauna gida in daina zancen tafiya Agadas.

Na yaye zanar, na faɗaɗa ƙofa, na sa gilashi, na shafa shuɗin fenti. Buhunan gero na jera su gaba. Daga tasha kana hango har mai awo. Satin farko mutane suka yi ta zuwa kallo.

Sai damina ta shigo, rumbuna suka ƙare. Lokacin ne kawu ya saba ciniki, amma muka wuni muna korar ƙuda. Magidantan da ya sani shekara da shekaru su gaishe mu daga titi su wuce, su shiga lungu wajen wani mai saida hatsi cikin ɗan ɗaki.

Ran nan wani tsoho, abokin kawu, ya tsaya daga gefe ya ce, "Ɗana, magidanci ba ya son a ga yana awon rabin tiya. Da, in na shiga bayan zana, sai ni sai kawunka. Yanzu duk tasha ta san gidana ba hatsi."

Ban taɓa riƙe gida ba, ina zan sani.

Kawu ya rataya buhuna ya rufe gilashin, amma mutane sun riga sun saba da can. Gonarshi kuma, tun da an saida san noma, rabi kaɗai aka nome. Bai zage ni ba. Bayan kaka ya kira ni ya ce, "Shagon nan ba ya ɗaukar mutum biyu yanzu."

Na ce to. Ran kasuwa na hau motar arewa.