Mutumin da Ya Hana Leocadia Hucewa

Ƙanen mijina Gumercindo bai taɓa tuƙa jirgin ƙasa ba, ko da yake yanzu 'yan gidan tarihi na gaya wa baƙi wai shi ne direba. Ɗan wuta ne. Aikinsa ya tsaya bayan direba yana ɗura wa tukunyar jirgi itace, ya dawo gida baƙi ƙirin, sai haƙora. Tun ina amarya a gidansu na sa masa suna Gawayi, shi kuma ya kira ni Rediyo har ya koma ga Mahaliccinsa.

Kawunan jirginmu biyar ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Tun zamanin sarki aka kawo su ta teku don sauko da buhunan kofi daga tsaunukan jiharmu Minas, wani mai gona ya raba musu sunayen 'ya'yansa mata. Layinsu siriri ne, akuya kan tsallake shi ba ta san ta tsallake komai ba. In suna hawan tudu, fasinja kan sauka ya tsinki gwaiba ya sake hawa. Ɗayarsu, Inacia, tun da wuri kamfani ya tura ta cikin kogi don ta tare zaizayar gaɓa, aka manta da ita. Leocadia ce ta Gumercindo.

Da aka rufe layin, 'yan gwangwan suka sauka a garinmu Capim Seco da wutar yankan ƙarfe, suka yi gunduwa-gunduwa da uku. Leocadia kuwa dawowarta ke nan daga tafiyar ƙarshe, tana huci. Ogansu, Seu Tiburcio, ya ɗora mata hannu ya janye da sauri.

"Mu ba ma yanka tukunya da tururi a ciki," in ji shi. "In ta fashe, a garin gaba za a tsinci kawunanmu. Bar ta ta huce, gobe ma dawo."

"To, ranka ya daɗe," in ji Gumercindo.

Washegari suka tarar ta fi jiya zafi.

Haka aka fara. Suka ɗebe layin gabanta da na bayanta, suka bar mata daidai wanda take tsaye a kai. Seu Tiburcio yana zuwa duk mako, ya koma duk wata, ƙarshe sai ranar bikin waliyyin gari. Ya taɓa ta, ya yi tsaki, a zuba masa wake da shinkafa ya ci ya tafi. Da ya mutu, ɗansa ya gaji zuwan, har da tsakin.

Itacen kamfani bai daɗe ba ya ƙare. Gumercindo ya cire shingen gidansa, ya bi da akurkin kaji, ya bi da ƙofar banɗaki. Ranar da matarsa Dorvalina ta dawo daga coci ta tarar da katifa a ƙasa, sai ta zo ta same ni.

"Yaya Zulmira, gadon aurena ne fa! Gadon da babana ya sassaƙa!"

Na ja ta har gaban jirgin. "Kai Gawayi, ina gadon baiwar Allah?"

"Ki ji yadda yake ci, Rediyo," in ji shi, ya buɗe mana bakin tukunya. "Surukina ya san katako."

Ni na ga in ba a yi dabara ba, gobe ƙofar gidana ce. Na kafa doka: duk mai son ruwan zafi ta zo da icce ɗaya. Nan da nan wankin gari ya koma gindin Leocadia. Muna gasa burodin cuku a kan shebur, muna ɗora kaza da kuɓewa a kafaɗar tukunya. Ungozoma a nan take ɗiban ruwa. Fadan cocinmu ma ya gano jarirai ba sa tsala ihu in ruwan baftisma da ɗumi. Ranar auren 'yar Gumercindo kuwa, ya ce ba zai je coci ya bar wuta ba, dole amarya ta zo da farar rigarta, ta koma da toka-toka.

Shekara ashirin da wani abu ana haka, sai ga wata injiniya daga birnin Belo Horizonte, Dona Marilene, ta ce gidan tarihi zai gyara Leocadia ta sake tafiya. Amma sai an kashe wutar ta duba ciki.

"Haka wancan ma ya ce," in ji Gumercindo, yana nuna ɗan Tiburcio da baki.

Sai da su biyun suka rantse a gaban fada cewa ba mai yanka ta. Duk da haka bai yarda wutar ta mutu ba. Ya aika gidana aka ɗauko tukunyar ƙarfen da nake dafa wake, ba tare da ya tambaye ni ba, ya kwashe garwashin a ciki.

Da Leocadia ta huce, Dona Marilene ta shiga da 'yar guduma ta ƙwanƙwasa sau ɗaya. Gudumar ta wuce ciki. Wutar da ta hana a yanka ta, ita ta cinye ta, ƙarfen ya koma kamar ɓawon ƙwai.

"Baba," ta ce, ta kasa haɗa ido da shi, "Allah ne kawai ya tsare garin nan."

Na ce, "Ka ji, Gawayi? Ashe a kan bam muke gasa burodi."

Bai rama ba. Shi ne karo na farko da bai rama ba, ni kuma ban ji daɗinsa ba. Don in kawar da shirun na ce ai gara Inacia da ke kwance a kogi, ita ba wanda ya so ta balle ya ƙona ta. Injiniya ta juyo: "Wace Inacia?"

Da katafila aka jawo ta, kifi na zuba daga cikinta. Laka ta rufe ta ruf, tukunyarta garas. Da yake 'yan uwa ne, komai na wannan yana shiga waccan: aka ɗora tukunyar Inacia a kan ƙafafun Leocadia, aka mayar da usur da rumfar Leocadia. Aikin ya ci shekaru, garwashin kuwa yana madafina, Gumercindo na zaune a kansa yana cin abincina.

Ranar da aka shimfiɗa sabon layi aka zo tayar da ita, mutanen birni suka kaure da gardamar sunan da za a rubuta mata, Inacia ko Leocadia. Gumercindo ya ratsa su da tukunyar wakena, ya juye rabi a ciki, ya jira har itace ya kama.

"Wutar wa ce a cikinta?" ya tambaya. Aka rubuta Leocadia.

Rabin garwashin da ya rage ya dawo da shi gidana, domin 'yan gidan tarihi suna kashe mata wuta duk Lahadi da yamma, abin da ya kira rashin tarbiyya. Duk Asabar sai ya kai musu garwashi su tayar da ita. Da ciwo ya kwantar da shi, bai ce in kula da Dorvalina ba, bai ce in yafe masa ba. Ya ce, "Rediyo, tukunyarki ce ai."

Yanzu ni ke kai musu. Itace ya yi wuya a garin nan, ga damina. Shekaranjiya na sa ƙafar kujerar marigayi mijina, kuma wallahi tana ci da kyau.