Injin Ƙungiya da Tumatirin Baba

Maƙwabcinmu ya sayi janareto, kullum da la'asar sai ya tayar da shi. Jikokina ƙarar ce ke damunsu. Ni kuwa warin man ne, don in ya haɗu da ƙasar da aka yayyafa wa ruwa, sai in ganni a fadamar bakin kogi, ƙasan Unguwar Rimi, ina yarinya. Ban iya rubutu ba sai da na yi furfura, a ajin manya, to yadda zan faɗa da baki haka zan rubuta muku.

Masu lambu ne iyayenmu. Da rani tumatir, albasa, latas, dukansu da jigo ake ba su ruwa, guga bayan guga, har kafaɗar mutum ta kumbura. Bayan yaƙin basasa da 'yan shekaru, zamanin soja, malamin gona ya ce musu mutum ɗaya ba zai samu taki da inji ba, sai an haɗu. Aka zauna ƙarƙashin mangwaro aka kafa ƙungiyar gama kai, kowa ya kawo abin da ya sawwaƙa. Shugaba kuma ba a yi wata shawara ba, wanda ya fi kowa tsufa aka ba. Kakana ke nan, mahaifin Inna.

Shekarar farko lafiya lau. Taki ya zo, ana kai kaya kasuwa a mota ɗaya, dillalai sun rage yi mana wulaƙanci. Shekara ta biyu aka sayi injin ban ruwa, kore, da dogon tiyo. A nan suka yi abin da har yau nake jin haushi. Maimakon inji ya bi lambu bayan lambu, sai suka ce ya bi girma. Babba ya gama, na ƙasa da shi ya ɗauka. Haka ake jan shi a amalanke daga wannan ƙarshen fadama zuwa wancan, rabin yini ya tafi a hanya. Babu kuma mai cewa dattijo ya isa haka.

Baba yana cikin ƙanana. Da ya ga inji ya zo, sai ya ƙara fangali can sama, inda jigo ba ya kaiwa, ya dasa tumatir. Inna ta riga ta gaya mini, in wannan ranin bai yi kyau ba, Baba gadi zai tafi a gidajen ma'aikata, kuma ba abin da ya tsana kamar zaman bakin ƙofar wani.

Zafi ya shigo, inji ya koma wajen Kaka zagaye na biyu, ya zauna. Tsohon ba mugu ba ne, kunnensa ne ya yi nauyi, kuma yana son ganin ruwa na gudu. Ganyen tumatirinmu ya fara nannaɗewa, fure na zuba. Baba kuwa suruki ne. Mutumin da in ya hango Kaka sai ya tuɓe takalmi ya durƙusa, ko ido ba ya ɗagawa, ta ina zai ce a ba shi inji? Inna ma 'yar fari ce, Kaka ba ya ko kiran sunanta, balle su zauna magana.

Ni ce ba ni da wannan ciwon. Jika ce, wasa muke. Na kai wa Kaka fura na same shi cikin dattawa, ya ce ga amaryarsa ta zo.

Na ce, "Wace amarya? Miji mai shayar da ciyawa, lambun ubana na ƙonewa? Ka sake ni kawai, tsoho."

Aka yi dariya. Shi bai yi ba. Ya ce in maimaita, na maimaita da ƙarfi. Kafin azahar ya sa an turo inji har bakin lambunmu.

Baba ya dubi injin, ya dube ni. Bai doke ni ba, da ma ya doke ni. Cewa ya yi yanzu duk fadama za a ce ya aika yarinya ta ci mutuncin surukinsa a gaban mutane. Ya kama amalanken da hannunsa, ya tura shi lambun wanda ke bin Kaka a girma. Ya dawo ya ɗauki garwa biyu yana hawa da ruwa a kafaɗa. Garwa ba ta shayar da fangali irin wannan. Lokacin da layin inji ya zo kansa, tumatirin ya mutu, karare ne tsaye.

Da damina ƙungiya ta zauna, Kaka da bakinsa ya ce daga yau inji ya bi lambu, ba shekaru ba. Ƙungiya ta ci gaba, har ta sayi inji na biyu. Daga baya gari ya cinye fadamar, katanga bayan katanga, kowa ya watse. Amma Baba bai ga moriyar gyaran ba, yana can kan benci a ƙofar wani ma'aikaci, da sanda.

Yanzu 'yata tana wata ƙungiya ta mata, a waya suke faɗa, ba babba ba yaro. Wani lokaci abin ya ba ni kunya, wani lokaci in ce gara haka. Na gaji da auna wanne ya fi. Abin da na sani, gidan da Baba ya yi gadi har ya tsufa, da lambu a bayansa, kuma kullum da yamma shi yake ba shi ruwa, ba wanda ya sa shi.