Rantsuwar Midhat

Maƙwabcina Midhat mutumin Damanhur ne, shekararsa goma sha ɗaya yana aiki a kantin magani a Kuwait. Kamar yawancinmu Misirawa, ba ya iya sallamar baƙo sai ya rantse masa kada ya tafi. Kowa ya san ta fatar baki ce. Kai ka rantse, baƙo ya yi godiya ya sa takalminsa.

Bara surukansa suka zo ziyarar mako biyu. Ciki da falo ne gidan, don haka ya bar musu gado, ya koma kwana kan kujera, ƙafafu na reto. Ranar tafiya, har an kai akwatuna bakin ƙofa, ya kama hannun surukinsa, Alhaji Sha'aban.

"Wallahi, Baba, ba inda za ku sai kun yi Sallah da mu."

Tsohon ya dubi matarsa. "Hajiya, kwance kayan. Ba zan ja wa mijin 'yata kaffara ba."

Lokacin saura wata biyu Sallah.

Na sami Midhat a kanti yana shafa wa ƙugunsa man zafi. Na ce, "Ai ka dace da suruki mai tsoron Allah."

Ya ce, "Ƙwarai. Amma da kaffarar ce, mutum goma zan ciyar sau ɗaya, kuma kowa a gidansu zai kwana."